Igiyar da Ba Ta Kai Ruwa Ba

A bakin teburin da nake sayar da kaya a kasuwar Dakoro akwai ƙusoshi uku. Ta farko tana kusurwar hagu, daga nan ake fara awo. Ta biyu ita ce ta yadi. Ta uku tana gaba da ita da faɗin tafin hannu, ita ce ta metir. Igiya nake sayarwa, da zaren ɗinkin buhu, da ƙusa, da kwaɗon ƙofa. Wanda ya zo ya ce yadi, in ja igiya zuwa ƙusa ta biyu. Wanda ya ce metir, in wuce zuwa ta uku. Wanda kuma ya ce gaba, yadda tsofaffi da masu kiwo ke cewa, sai in miƙe tsaye in buɗe hannuwana, igiya ta ratsa ƙirjina daga yatsa zuwa yatsa.

Ba ni kaɗai ke zaune tsakanin awo biyu ba, garin ne haka. Hatsi da tiya muke auna shi. A likita ana ɗora jariri a sikeli a faɗa maka kilo. Hanyar Maraɗi ma da kilo ake lissafinta. Amma je ka sayi shadda ko atamfa, ba mai ce maka metir, yadi ne, don daga kudu kayan ke fitowa, kuma da awonsu suke tsallako iyaka. Ƙusa da inci ake kiranta. Maginin da ya yi ci-rani a Najeriya zai tsaya a filinka ya ce ɗaki ƙafa goma sha biyu, mai waldar da zai yi ƙofar ɗakin kuma ya tambaye ka santi nawa, wato santimita. Telan da ke maƙwabtaka da ni, igiyar awonsa fuska biyu gare ta, santi a ɗaya, inci a ɗaya, yana juya ta yadda mai tuya ke juya masa a tanda. Ba wanda ke ganin wannan abin mamaki ne. Mun saba, kamar yadda muka saba mu gaisa da wannan da Hausa, mu juya mu amsa wa wancan da Fillanci.

Karatuna bai yi nisa ba. Na yi ƴan shekaru a lakwal, wato makarantar boko, kuma abin da na fi tunawa shi ne doguwar sandar awo mai ruwan ɗorawa da malaminmu, da muke kira mushe, ke jinginewa a jikin allo. Wata rana ya ɗaga ta ya ce mana metir ɗaya ne ko'ina a duniya, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Na dawo gida da zumuɗi na faɗa wa babana. Shi tufka ce sana'arsa, da kaba yake yin igiya, daga baya kuma da zaren tsofaffin buhuna. Ya saurare ni har na gama, ya ce to madalla, amma shi abin awonsa a jikinsa yake, bai taɓa mantawa da shi a gida ba.

Ya so in gaje shi. Na koya, ba don ina so ba. Ina jin kunyar zama a gindin bishiya da igiya naɗe a babban yatsan ƙafa, abokaina na wucewa da littattafai. Da igiyar roba ta fara shigowa daga kudu, naɗi-naɗi, shuɗiya da fara, sai na ga hanyar kuɓuta. Na sa tebur a kasuwa, na zama mai sayar da igiya ba mai tufka ta ba. Baba bai hana ni ba. Shi ne ma ya buga mini ƙusoshin nan uku, telan ya ara masa abin awo.

Bayan rasuwarsa da wasu shekaru, wata ran kasuwa amalanken jaki ya goga bakin teburin, ƙusa ta uku ta tuge ta faɗa cikin rairayi. Na duba ban gan ta ba, na ce gobe na buga wata. Ni da nake sayar da ƙusa a gwangwani, a gabana take daga safe zuwa yamma. Goben nan ba ta zo ba.

Da farko in an ce metir, sai in ja zuwa ƙusar yadi in ɗora tafin hannuna a gaba, a kowane ja. Daga baya hannu ya gaji da wannan. Sai in auna da yadi kawai, in na zo ƙarshe in ƙara ɗan abin da idona ya ga ya dace, in yanke. In wani ya tambaya, amsa ɗaya gare ni, yadi da metir ai kusan duk ɗaya ne. Ba don in ci ribar kowa na yi ba, Allah ne shaida, amma ban ce wannan ya wanke ni ba. Lalaci ne, da son surutu, da jin cewa na fi ƙarfin ƙaramin abu. Kuma ba wanda ya taɓa dawowa da ƙara. Mai neman igiyar ɗaure akuya, ko ta shanyar tufafi, ko ta ɗaure kaya a bayan babur, in ta rage da kamu ɗaya ba ya sani, ba ya kuma cutuwa. Sai maganar ta zauna mini a baki har na yarda da ita.

Gwaggona, ƙanwar babana, ta auri wani mai kiwo a arewa da gari, can inda gonaki ke ƙarewa. Babban ɗanta taubashina ne, sa'ana kuma. Tun muna yara ba mu haɗuwa sai da tsiya. Yana ce mini bawansa, ina ce masa bawana, har yau ba a raba gardamar ba. Da mahaifinsa ya rasu, garken ya dawo hannunsa.

A wata bazara mai tsanani ya shigo kasuwa, rawani ya rufe masa rabin fuska. Tun daga nesa na gane tafiyarsa.

"Bawana," na ce, "wa ya kwance ka daga turke?"

"Ubangijinka ya zo, ba ka tashi ba ka ba shi wuri?" Ya zauna bisa buhun zarena ba tare da an ce masa bismilla ba, ya ɗauki kofin shayina ya shanye. "Wanga shayi na matsiyata ne. Sukarin ma da inci kake auna shi?"

Muka gaisa sosai bayan nan. Na tambayi gwaggo, ya ce tana nan da ƙarfinta. Ya ce matarsa ta sauka, namiji, jibi suna, kuma gwaggo ta ce in ban zo ba kar in ƙara kiranta gwaggo. Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi. Igiyar rijiyarsu ta tsufa, ta fara cinyewa a wurare, yana tsoron ta tsinke da wasaki, babban gugan fata, cike a tsakiyar rijiya. Sabuwa yake so.

"Gaba nawa?" na ce, don haka ya saba faɗa.

"Mun bar wannan. Metir saba'in."

"Kai! Yaushe shanu sunka shiga lakwal?"

Ya yi dariya ya ce bara masu aikin siminti sun gyara musu rijiyar, sun auna zurfinta, sun faɗa musu. Ya haɗa da abin da zai hau gargare, icen nan mai juyawa da igiya ke bi ta kansa, ya kai ga takarkari, san da ke jan ta, ya kama saba'in. Da alfahari ya faɗi lambar, kamar wanda aka ba sabuwar riga. Ya ƙara da cewa gabana ma ba abin yarda ba ne, hannuwana gajeru ne kamar na kwaɗo.

Na jawo naɗin shuɗiyar igiya mai kauri, mai sili uku, na fara ja. Daga ƙusa ta farko zuwa ta biyu, ina ƙirgawa da baki, ina mayar masa da tsiya a tsakani. Da na kai saba'in na ja ƙarin hannu guda cur, na ɗaga masa ya gani.

"Ga gyara. Kar ka je ka ce ma gwaggo ubangijinka marowaci ne."

"Allah shi yi albarka, bawana," ya ce. Ya yi mini godiya. Wannan godiyar ce har yau in na tuna nake jin nauyi.

Na bar wa telan amanar tebur, muka shiga motar kasuwa da la'asar, igiyar na naɗe a kafaɗarsa. Muka isa kafin magariba. Gwaggo ta kama kunnena ta ce na yi ƙiba kamar ɗan kasuwa. Da aka ga sabuwar igiya, aka yi abin da aka saba yi da tsohuwa. A wurinsu igiyar rijiya ba ta mutuwa a banza. Taubashina ya sa wuƙa ya rarraba ta, aka zubar da inda ya cinye, sauran kowa ya samu rabonsa. Wani guntu ya zama dabaibayin jaki, wani aka ɗaure ragon suna da shi, mata suka ɗebi na ɗaurin kaya. Mafi tsawo da lafiya gwaggo ta ɗauka, ta ce za ta ɗaure rumfar da baƙi za su zauna, bayan suna kuma ta gyara gadonta da shi. Ina zaune ina kallo, ana yi ana dariya, ko ɗar ban ji ba.

Ya kamata in faɗi yadda shan ruwa yake a can, don wanda ya tashi da famfo a ƙofar gida ba zai gane ba. Rijiyar ɗaya ce, gidaje da yawa ke sha. An raba lokaci, kowane garke da ranarsa da lokacinsa. A irin wannan bazara shanu ba su sha kullum, sai sun tsallake rana, don ciyawa ta yi nisa da ruwa. Kowa da igiyarsa da wasakinsa da gargarensa yake zuwa, in ya gama ya kwashe ya tafi da su. Rabon taubashina daga hantsi ne zuwa azahar. Daga azahar wasu mutane ne, da nasu shanun masu ƙishi, igiyarsu ba za ta huta ba sai rana ta faɗi. Washegari kuma ta wasu ce. Wanda lokacinsa ya wuce bai shayar ba, sai ya jira zagayowar rabonsa, kuma saniyar da ta kwana biyu ba ruwa a wannan zafi ba kowace ke kai na huɗu ba.

Da safe na bi su don in ga rijiyar da aka gyara. Ni da taubashina, da ƙanensa mai jan takarkari, da gwaggo da jakunanta biyu da jarkokin ruwan gida. Shanun sun riga mu sanin inda za a. Tun kafin a hango bakin rijiyar suka fara sauri, suna kuka, ƙashin haƙarƙarinsu a fili. Akwai wata tsohuwar jar saniya mai karyayyen ƙaho da ke can baya, tana tafiya tana tsayawa. Taubashina ya ce ita ce uwar rabin garken.

Aka kafa gargaren ice a kan gwafa, turke mai baki biyu, aka ɗora sabuwar igiya, aka ɗaura wasaki a baki ɗaya, ɗaya bakin a jikin takarkari. Daga bakin rijiyar akwai wata doguwar hanya da ƙafafun dabbobi suka tona a rairayi, miƙaƙƙiya, nan takarkari ke bi yana ja. Tsawon hanyar nan shi ne zurfin rijiyar, a kwance a ƙasa kowa na gani. Na tsaya ina kallonta ina mamakin nisanta, ban ma kawo komai a raina ba.

Taubashina ya saki wasaki. Igiya ta yi ta gudu, gargare na kuka. Kowa ya yi shiru, don ana sauraron ƙarar da wasaki ke yi in ya faɗa ruwa, wata ƙaramar ƙara mai zuwa daga nesa. Igiya ta miƙe ta tsaya. Takarkari na tsaye daf da bakin rijiya, ba sauran inda zai matsa. Ba mu ji komai ba.

Taubashina ya girgiza igiyar. Ba nauyi. Ya kwance ta daga jikin takarkari, ya riƙe bakin a hannu, ya kwanta rub da ciki ya miƙa hannu cikin rijiyar iyakar iyawarsa. Ya ɗago, ya dubi ƙanensa, ya dubi uwarsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ruwa ya ja baya," ya ce a hankali. "Inna, rijiya na ƙahewa."

Gwaggo ta dafa ƙirji tana salati. Shanu sun kewaye komin shan ruwa, suna lasar busasshen siminti, suna tunkuɗar juna. Taubashina ya fara magana shi kaɗai, yana cewa in haka ne sai a kora su kudu yau ɗin nan, amma wace rijiya za ta karɓe su, kuma jar saniyar ba za ta kai ba, haka ma shanu masu shayarwa. Sannan ya ce ko kuwa masu siminti ne suka faɗa musu ƙarya.

A lokacin ni na riga na sani. Tun da igiyar ta tsaya na ga bakin teburina a idona, da ɗan ramin da ƙusa ta bari. Tafin hannu ɗaya, sau saba'in. Ban iya lissafin da kyau ba a tsaye, amma na san ya fi tsawon mutum uku. Kuma ga hanyoyi biyu an buɗe mini, ruwa ko masu siminti, kowanne zai ɗauki laifin bai ce uffan ba. Ba zan ɓoye ba, na ɗan tsaya a bakin hanyoyin nan. Na bar shi ya zaro ɗan madubin da ke cikin jakar wuyansa, ya tari rana da shi, ya jefa haske cikin rijiyar. Muka leƙa tare. Can ƙasa ruwa ya yi ƙyalli, yana nan inda yake, wasaki na lilo a samansa, a bushe.

"Ba ruwa ba ne," na ce. "Ba masu siminti ba ne. Da yadi na auna maka."

"Da mi?"

"Da yadi. Ƙusar metir ta hita tun tuni, ban maida ba."

Ya daɗe yana kallona. Na so ya zage ni, ko ya ɗaga sanda. Sai ya ce, "Kuma har da gyara." Bai ce bawana ba. Rashin wannan kalmar ya fi mini zagi ciwo.

Gwaggo ce ta shiga tsakani. "To ku tsaya kuna kallon juna har azahar. Ni na tahi." Ta sauke jarkoki, ta hau jaki, ta nufi gida tana dukansa da dunduniya. Ba ta jima sosai ba ta dawo da guntun tsohuwar igiyar nan mafi tsawo. Ta kwance rumfar suna gaba ɗaya, ta ce baƙi su zauna a rana, ba su fi shanu ba.

Taubashina ya karɓa ya ƙulla ta da sabuwar, ƙulli mai ƙarfi. Aka saki, wannan karon muka ji ƙarar ruwa. Ƙanensa ya kora takarkari. Amma da ƙullin ya zo gargare da nauyin wasaki cike, sai ya cije. Aka ja da ƙarfi, igiya ta yi tsalle ta fita daga kan gargaren, gwafa ta karkata, da ƙyar muka tare. Aka mayar, aka sake gwadawa, haka dai. Ƙulli ba ya bin gargare. Rana ta yi sama, inuwarmu ta fara shigewa ƙarƙashin ƙafafunmu. Jar saniyar nan ta durƙusa a gefe.

"Sai an saƙa ta," gwaggo ta ce. Ba taubashina take kallo ba, ni take kallo. "Ɗan wa kake?"

Rabona da saƙa bakin igiya tun ina saurayi. Na zauna a rairayi mai zafi, na kwance ƙullin. Na warware bakin kowace igiya, silinta uku suka rabu, na haɗa su baki da baki kamar yatsun hannu biyu in sun shiga juna. Ƙanen ya fiƙe mini wani guntun icen aduwa. Da shi nake buɗa jikin igiyar, in cusa sili, in tsallake ɗaya, in shiga ƙarƙashin na gaba, in ja. Na farko na yi shi a karkace, na warware. Kaina ya manta, amma da na daina tunani sai yatsuna suka kama hanya. Sabuwar roba tana da santsi da taurin kai, ta yanka mini fata a gindin yatsa, hannun da ya saba da kofin shayi. Shanu na ta kuka. Ban san lokacin da na naɗe igiyar a babban yatsan ƙafata don in ja ta da kyau ba. Na ɗago na ga gwaggo ta juya baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyara shi.

Da na gama na murza wurin a ƙarƙashin tafin ƙafa har ya kwanta, aka ƙona bakin silin da garwashin shayi don kar su zame. Taubashina ya karɓa ya duba, ya taka gefe ɗaya ya ja da dukan ƙarfinsa. Ya ɗora a gargare ya saki.

Ƙarar ruwa ta zo. Takarkari ya kama hanyarsa. Na tsaya kusa da gwafa idona a kan saƙin, yana hawowa daga duhu. Ya zo gargare, ya yi ɗan tsalle, ya wuce. Takarkari ya yi ta tafiya har ya ƙanƙance a ido, sannan wasaki ya fito yana zubar da ruwa ta ko'ina. Muka kama shi mu biyu muka juye a komi.

Ba mu zauna ba daga nan. Ni ne mai juyewa, taubashina na tare shanu da sanda yana sakin su kaɗan-kaɗan, masu shayarwa da farko. Gwaggo ta cika ƙwarya ta kai wa jar saniyar inda take durƙushe, ta riƙe mata har ta shanye, ta sake kai mata. Rigata ta jiƙe, bayana ya riƙe, ban ji ba sai daga baya. Duk da haka lokacin da muka ɓata ya ɓata. Da ƙurar garken masu azahar ta bayyana, bijimai da ƴan maruƙa ba su ƙoshi ba. Dattijon da ke gabansu ya iso, ya dubi komi, ya dubi shanunmu, ya dubi igiya shuɗiya da guntun tsohuwa a baki. Taubashina ya je ya gaishe shi, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Dattijon ya ce a ƙara wasaki kaɗan kafin su kafa nasu, amma kaɗan, don nasa ma tun shekaranjiya rabonsu da ruwa. Muka ƙara abin da ya ba mu, muka kwashe kaya. Garken ya tafi da rabin ciki, amma a kan ƙafafunsa ya tafi. Jar saniyar ta miƙe da kanta, ta bi baya.

Muka kama hanyar komawa har muka hango gida. Rumfar suna na kwance a ƙasa, tabarmi a warwatse.

"Gobe liman a rana zai zauna," taubashina ya ce. "In ya tambaya, in ce mishi mi?"

"Ka ce mishi ni ne."

"Zan ce mishi bawana ne. Na sayo shi da metir, anka ba ni da yadi, shi ya sa bai cika ba."

Gwaggo ta yi dariya har ta kusa faɗowa daga jaki. Ni ma na yi, amma idona ya cika. Da yamma ni na tattara kaba na tufka igiyar da aka tayar da rumfar, ba mai kyau ba, amma ta riƙe har aka watse.

Na sha tunanin abin nan a zaune a bakin tebur. Da a ce taubashina gaba ya ce mini, da ban kuskure ba, don da hannuwana zan auna yana kallo, in ya ga gajeru ne ya tashi ya auna da nasa. Awon jiki kowa na ganinsa. Amma metir da yadi amana ce, mai saye ba ya ganinsu, sunan kawai yake faɗa, ya bar sauran ga mai ƙusa. Taubashina ya bar awon da ya gada ya ɗauki sabo don an ce masa shi ne wanda ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kuma gaskiya aka faɗa masa. A teburina ne ya ragu. Ina kuma tuna duk waɗanda na auna wa a shekarun nan, masu akuya da masu shanya, waɗanda ban san fuskokinsu ba balle in nemi gafara. Ba su cutu ba, haka nake ce wa kaina. Amma ban sani ba. Na san na rijiya ne kawai don ina tsaye a wurin.

Ran da na dawo, kafin in shimfiɗa kaya, na je wurin telan na ce ya ara mini abin awonsa. Ya tambaye ni wace fuska nake so, na ce duka biyun. Na ɗauki ƙusa inci uku daga gwangwani, na shimfiɗa awon a bakin tebur daga ƙusa ta farko. Ashe ban ma bukaci aron ba. Ramin da baba ya huda yana nan, ƙura ce kawai ta cike shi, daidai kan santi ɗari. Na busa ƙurar, na sa ƙusar a ciki na buga.

Na aika wa taubashina sabuwar igiya cikakkiya a motar kasuwa. Ya maido mini da ita, ya ce a faɗa wa bawansa waccan na aiki, saƙin bai motsa ba, in ta tsufa zai zo da kansa. Da ya zo kuwa, bayan damina biyu, bai ce metir ba, bai ce yadi ba. Ya ture ni gefe, ya kama bakin igiya, ya buɗe dogayen hannuwansa a tsakiyar kasuwa ya fara ƙirga gaba, ni kuma ina tsaye ina naɗe masa abin da ya auna.